Tokar da Aka Tankaɗe: Labarin Gidan Uppark

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin miƙa bokiti ranar da wuta ta kama gidan maƙwabci, ya san cewa gobara hawa uku gare ta. Akwai ranar ihu da guje-guje, wadda kowa ke fitowa ko ba a kira shi ba. Akwai kwanakin jaje, da ake ta sintiri ana Allah Ya mayar da alheri, wannan ya kawo tabarma, wancan ya kawo kwanon hatsi. Sannan akwai hawa na uku, wanda ya fi sauran tsawo, wato sa'ad da 'yan jaje suka watse, aka bar mai gida shi da baƙin bango da ƙauri, yana tunanin ta ina zai fara. A kan wannan hawa na uku muke so mu yi magana, domin shi ne ba a cika ba da labarinsa ba. Misalin da za mu kawo kuwa daga ƙasar Ingila yake, wani tsohon gida ne da ake kira Uppark, wanda ya ƙone a 1989, aka yi shekara shida ana jinyarsa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san irin gidan da ake magana. Masu sarauta da masu dukiya na Ingila sun daɗe da al'adar gina manya-manyan gidaje a karkara, a tsakiyar gandayensu, nesa da hayaniyar Landan, kusan kamar yadda sarakunan Kano ke da gidaje a Fanisau da Ɗorayi. Irin wannan gida, ƙauye guda ke ci a ƙarƙashinsa: manoman gandu, da barorin dawaki, da masu lambu, da masu girki, da masu wanki. Shi Uppark a kan tudu yake, a yankin Sussex ta Yamma da ke kudancin ƙasar, kusa da ƙauyen South Harting, kuma in gari ya yi garau ana iya hango teku daga farfajiyarsa. An gina shi da jan bulo wajen 1690 don wani basarake mai suna Ford Grey. A 1747 Sir Matthew Fetherstonhaugh ya saye shi, shi da matarsa Sarah suka yi doguwar tafiya zuwa Italiya, suka dawo da zane-zane da kayan ƙawa suka cika ɗakunan.

To, gidaje masu irin wannan dukiya suna da yawa a Ingila. Abin da ya bambanta Uppark shi ne ba a taɓa shi ba, kuma dalilin haka labari ne mai daɗin ji. Ɗan Sir Matthew, wato Sir Harry, ya ƙare ƙuruciyarsa a shagali da sukuwar dawaki, bai yi aure ba har ya haura shekara saba'in. A 1825 sai ya auri wata yarinya mai aiki a ɗakin madara na gidan, Mary Ann Bullock, wadda ya yi jika da ita. Mutane suka yi ta tsegumi, amma aure ya zauna har mutuwarsa a 1846, ya kuma bar mata gidan da duk abin da ke ciki. Ita kuwa ta riƙe shi yadda mijinta ya bar shi har ta rasu a 1874. Ƙanwarta Frances ta gaje ta, ita ma ba ta sauya kome ba har 1895. A daidai zamanin da sauran masu gidaje ke ɓamɓare tsohon ado suna sa na yayi, waɗannan 'ya'yan talakawa biyu sun ƙi yarda a gusar da ko kujera. Daga baya, a shekarun 1930, wata uwargida da gidan ya faɗo hannun mijinta, Lady Meade-Fetherstonhaugh, ta zauna da allura da zare ta yi shekaru tana ɗinke tsofaffin labulayen, tana wanke su da ruwan wani ganye mai kumfa kamar sabulu. A 1954 aka miƙa gidan ga National Trust, wata ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa a 1895 don adana wuraren tarihi, aka buɗe ɗakunan ƙasa ga masu ziyara, iyalin kuma suka ci gaba da zama a bene.

Mu ma'abota alƙalami muna da namu rabon a wannan gida. Mahaifiyar H. G. Wells, Sarah Wells, ita ce shugabar masu hidimar gidan daga 1880 zuwa 1893. Yaron kan zo wurinta ya zauna, ya riƙa ɗaukar littattafan gidan yana karantawa, har ya tsinci wani tsohon madubin hangen taurari a ɗakin shirgi ya harhaɗa shi. Da ya girma ya zama marubuci, sai ya sa gidan a cikin littafinsa Tono-Bungay na 1909, ya sauya masa suna zuwa Bladesover.

Ranar Laraba, 30 ga Agusta 1989, da rana, masu ziyara na cikin gidan suna zagayawa. A can sama kuwa ma'aikata na gyaran dalmar rufi, aikin da saura kwana biyu a gama shi. Wutar da suke narka dalma da ita ta kama katakon da ke ƙarƙashi, ta shiga cin rufin. Tun da daga sama ta taso, sai ta riƙa cin gidan tana gangarowa, wannan kuwa shi ya ba mutanen da ke ƙasa 'yan sa'o'i. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aikatan gidan, da iyalin, da maƙwabta, da baƙin da suka biya kuɗi don su yi kallo kurum, da 'yan kwana-kwana, duk suka jeru ana miƙa kaya hannu da hannu zuwa kan ciyawa. Aka fitar da zane-zane da kujeru da tebura da tangaraye. Aka fizgo labulaye daga maratayarsu. Har jar takardar da aka lulluɓe bangon wani falo da ita aka riƙa yagowa falle-falle ana jefowa waje, alhali rufi na ci a bisa kawunan mutane.

Kashegari da safe, bangaye huɗu na tsaye, amma babu rufi, benaye sun rufta sun zubo cikin ɗakunan ƙasa. Mafi yawan kayan ɗakunan ƙasa sun tsira. Iyalin da ke zaune a bene kuwa, su ne suka wayi gari da kayan jikinsu, domin sun taya fitar da kayan tarihi nasu na ci da wuta. Wannan gaɓa ta daɗe tana yi mana yawo a zuci. Littattafan tarihi sukan ƙidaya zane nawa aka ceta, amma babu mai iya ƙidaya wasiƙu da hotunan iyaye da 'yan tarkacen da ba su da daraja wurin kowa sai mai su.

Daga nan hawa na uku ya fara, ya kuma fara da gardama. Wasu suka ce a bar kufan yadda yake. Wasu suka ce a rushe, domin tsufa shi ne darajar gidan, tsufa kuwa ba a sayensa a kasuwa, duk abin da aka sake ginawa jabu ne. Wasu suka ce a rufe bangayen a yi ɗakuna na zamani a ciki. Kafin shekarar ta ƙare National Trust ta yanke shawara: za a mayar da gidan yadda yake ana gobe gobara. Ta kafa hujja da cewa kayan ɗakunan sun tsira, kuma don waɗannan ɗakuna aka saye su tun farko. Daɗin daɗawa, inshora ta ɗauki nauyin sake gini, aikin da ya ci kusan fam miliyan 20.

Abin da aka fara yi shi ne ya ba mu kan wannan rubutu. Da a ce gaggawa aka bi, da an kawo motocin kwasar ƙasa an share ɓaraguzan a mako guda. Sai aka ƙi. Aka raba kowane ɗaki gida-gida kamar gurbin dara, aka kwashe tokar kowane gurbi daban, aka zuba a garewanin shara kusan 4,000, kowace da lambarta. Sa'an nan aka zauna da rariya ana tankaɗewa, kamar yadda mata ke tankaɗen gari. Abin da ya tsaya a kan rariya kuwa, ga gutsuren adon rufin ɗaki, ga ƙwayar ƙarau ta fitilar rataye, ga mariƙin ƙofa, ga ɓallin sassaƙa da ya yi rabin gawayi. Lambar garwa ita ke nuna daga wane ɗaki, daga wace kusurwa abin ya faɗo. Mu da muka saba da dakon maki a takardun jarrabawa mun san ɗan abin da haƙuri yake, amma wannan ya wuce namu. Mutum ya wuni cikin sanyi yana tankaɗen toka, ya tashi da ƙusa uku da ɓallin farar ƙasa kamar ɗan yatsa, gobe kuma ya dawo.

Da aka gama tattara gutsattsarin, sai wata matsala ta ɓullo, wadda kuɗi ba sa maganinta nan take. Adon rufin ɗakunan, furanni da ganyaye da 'ya'yan itatuwa, maginan ƙarni na 18 da hannu suka mulmula shi a jikin rufin, da kwaɓin farar ƙasa da gashin dabba, tun yana ɗanye. Wannan sana'a ta daɗe da mutuwa a Ingila, domin an koma zuba ado a mazubi a kawo a manna. Dole aka nemo masu hannu, aka ba su gutsattsarin da tsofaffin hotuna, suka yi ta gwaji suna ɓatawa suna sakewa, har suka gane kwaɓin, suka gane yadda yatsun magabata suka bi. Duk inda aka sami tsohon gutsure, sai a mayar da shi gurbinsa, a gina sabo a kewaye da shi. Haka masassaƙa suka yi da katako. Jar takardar nan da aka yago aka wanke ta aka sake manna ta, inda ta ƙare aka buga sabuwa da launin da ya dace da koɗewar tsohuwar. Masu ɗinki suka koma kan labulayen da Lady Meade-Fetherstonhaugh ta taɓa ɗinkewa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma a nan sai da aka koyi yadda ake haɗa zumar tukuna.

Aikin bai tafi lami lafiya ba. A ran 25 ga Janairu 1990 wata gagarumar guguwa ta ratsa kudancin Ingila, ta kayar da rumfar wucin gadi da aka yi wa gidan, ma'aikata biyu suka rasa rayukansu. Wutar kanta ba ta kashe kowa ba, gyaran ne ya ci rai. Duk mai yabon kyan Uppark ya kamata ya sa wannan a lissafi, domin akwai gidaje biyu da nasu hawa na ukun ba a gama shi da bikin buɗewa ba. Akwai kuma abin murmushi. Wani magini da ke ƙera tukunyar bututun hayaƙi a ƙarshen 1990 ya rubuta a jikinsa cewa yana cikin wannan aiki ne Firayim Minista Margaret Thatcher ta yi murabus. Ya sa rubutun can sama, inda mai ziyara ba ya kaiwa, ya bar shi ga maginin da zai hau gyara bayan shekaru ɗari.

A 1995 aka sake buɗe gidan. Kafin nan ma amfanin wahalar ya riga ya bayyana, domin a Nuwamba 1992 wuta ta kama fadar Windsor ta Sarauniya, kuma dabarun ceto da gyara da aka koya a Uppark sun yi rana a can.

Mai karatu na iya cewa, to mu ina ruwanmu da gidan masu kuɗin Turawa? Tambayar tana kan hanya, kuma Wells da kansa ba zai ƙi ta ba. Mahaifiyarsa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ta yi zamanta. Barorin Uppark ta cikin ramuka suke bi su kawo abinci daga madafa, don kada masu gida su gan su suna ratsa fili, har ana cewa waɗannan ramuka ne suka haifar masa da tunanin mutanen ƙarƙashin ƙasa na littafinsa The Time Machine na 1895. Da kunnenta ya yi nauyi, ƙarfinta ya ragu, sallamar ta aka yi. Ba mu ga dalilin ɓoye wannan ba. Amma in muka duba da kyau, wa ya yi gidan? Sir Matthew kuɗi ya biya. Hannun da ya mulmula furen rufi na wani magini ne da ba a rubuta sunansa ba. Masu share shi shekara ɗari uku barori ne, wadda ta hana a lalata shi mai aikin madara ce, waɗanda suka shiga hayaƙi suka fito da kayansa kuma mutanen gari ne da 'yan kallo. A ganinmu aikin waɗannan ne aka tankaɗo daga toka, kuma jikokin irinsu ne suka tankaɗo shi.

Sai dai kada a ɗauka kowace gobara haka take ƙarewa. A ran 29 ga Afrilu 2015 wuta ta tashi daga akwatin rarraba lantarki a ɗakin ƙasa na Clandon Park, wani gidan na National Trust kusa da garin Guildford a yankin Surrey. Wani Ba'italiye, Giacomo Leoni, ya tsara shi wajen 1730 don iyalin Onslow, kuma cikin dukiyar da aka gina shi da ita akwai gadon wata mata, Elizabeth Knight, wanda ya fito daga gandun rake da cinikin bayi na Jamaika. A nan wutar daga ƙasa ta taso, ta haye sama cikin sauri, ba ta ba masu ceto lokaci irin na Uppark ba. Mafi yawan kayan gidan suka ƙone, har da gidan tarihin sojojin Surrey da ke ƙarƙashinsa, inda iyalai suka kai lambobin yabo da kayan kakanninsu ajiya. Ɗaki guda ne ya tsira kusan yadda yake. Mutanen yankin da yawa a nan aka yi bikin aurensu, gidan kuma ya taɓa zama asibitin sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya, saboda haka rashin bai tsaya kan masu ilimin gine-gine ba.

A 2016 ƙungiyar ta ce za ta mayar da manyan ɗakunan ƙasa yadda suke. A 2022 sai ta sauya magana, ta ce za ta ƙarfafa bangayen ta yi rufi, ta bar mafi yawan cikin gidan yadda wuta ta bar shi, mutane su shiga su ga ƙashin ginin da yadda magina suka ɗora shi. Wasu masana suka yaba, wasu 'yan ƙungiyar kuma suka ce an saɓa alkawari. Mun auna maganar ɓangarorin biyu. Hujjar ƙungiyar tana da ƙarfi, domin a Uppark akwai kaya masu jiran ɗaki, a Clandon kuwa ko an gina ɗakunan babu abin da za a zuba. Amma akwai abin da ke damunmu. Daga 1995 zuwa yau shekara talatin ke nan da 'yan kai, samarin da suka koyi mulmula farar ƙasa a Uppark sun manyanta. Sana'ar hannu kuwa ba ta zama a littafi, sai an sami aikin da babba zai yi yaro na kallo. Da an ɗauki ko da babban zauren marmara na Clandon an ce a maido da shi, da an yaye wasu sababbin masu hannu. Bugu da ƙari, mutanen da aka yi wa alkawari a kwanakin jaje suna da haƙƙin jin zafi in aka janye shi bayan shekara shida.

Wannan batu na sana'a shi ya fi taɓa mu a matsayinmu na malaman makaranta. Kullum muna ganin yadda abin da ba a koyar ba yake ɓacewa cikin tsara guda, ba tare da an ji ƙararsa ba. Wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, ya ga bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura da azara da ƙasa a ƙarni na 19, zai fahimci halin da Turawan nan suka shiga sa'ad da suka tsaya da gutsuren ado a hannu, ga kuɗi, ga hoto, amma babu mai iyawa. Mukan tambayi ɗalibanmu ko akwai wanda ya san yadda ake haɗa makuba ko katsi, sai aji ya yi tsit, alhali wasunsu jikokin magina ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ya kamace ka.

Gobarar Uppark dai wutar gyara ce ta haddasa ta, ta Clandon kuma akwatin lantarki, duka biyun abubuwa ne da ake iya kiyayewa, kuma bayan ta farkon an tsananta dokar amfani da wuta a kan rufin tsofaffin gidaje. Wanda ya shiga Uppark bayan 1995 ya ɗaga kai, da wuya ya iya nuna inda hannun maginin farko ya tsaya, na biyu ya ɗora. Masu sukar aikin sun ce wannan shi ne aibinsa. Mu kam da muka tuna da garewanin nan kusan 4,000, da mutanen da suka zauna gabansu da rariya, da ma'aikata biyun da guguwa ta rutsa da su, ba mu iya kiran abin jabu ba. Allah Ya kiyashe mu da gobara, Ya kuma ba waɗanda ta shafa maƙwabtan da ba sa watsewa bayan kwana uku.